Karatu Ake Sayarwa Ko 'Ya'yan Mutane?

Yau ina so in taɓo wata sana'a da ta yi kaka-gida a garin nan namu na Maiduguri, wadda kowa yake gani amma ba a cika tanka mata ba, wato sana'ar kai ɗalibai karatu ƙasashen waje. Allunansu suna nan a jikin benaye, tallarsu tana nan a Facebook da WhatsApp: hoton wani saurayi ya rungumi littattafai yana washe baki, a bayansa tutar Masar da ta Indiya da ta Turkiyya da ta Malesiya, a ƙasa kuma an rubuta da manyan baƙaƙe cewa akwai rangwamen rabin kuɗin makaranta, ba ruwanka da JAMB, biza kuwa kamar ka riga ka samu. Abin da nake so in faɗa a kansu guda ɗaya ne, kuma zan faɗe shi tun daga farko don kada wani ya ce na yi kwana-kwana: mutumin da uban yaro yake zama a gabansa yana neman shawara, ba uban yaron yake yi wa aiki ba. Makarantar da ke can waje ita take biyansa a kan kowane ɗalibi da ya kawo, kuma ba a gaya wa uban. Duk sauran ɓarnar daga nan ta taso.

Kafin wani ya taso mini, ni ba maƙiyin fita neman ilimi ba ne. Ina ni ina wannan magana a ƙasar Barno? Tun a ƙarni na 13, wajen zamanin Mai Dunama Dabbalemi, mutanen Kanem suka kafa makaranta da masauki a Alƙahira don ɗalibansu da alhazansu, wadda aka sani da Madrasar Ibn Rashiƙ. A Azhar ma akwai sashen kwanan ɗalibai da aka daɗe ana kira da sunan Barnawa. Mu kuma a ƙasar Hausa in aka ce almajiri ya tafi gabas, kowa ya san nan ake nufi. Ni kaina mahaifina ya kai ni Khartum ina yaro bayan na gama ƙaramar sakandare, na yi shekara tara a can, ban baro ba sai da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Saboda haka na san amfanin fita, na kuma san wahalarta, a jikina na sani ba labari aka ba ni ba.

To wannan sanin ne ya sa da na ga wani ofishi a cikin gari yana neman sabon ma'aikaci, matashi mai jin Larabci da Turanci da Hausa, in da Kanuri ma ya fi, wanda za a koya wa aiki, sai na ce ga aikina ya zo. A lokacin na gama bautar ƙasa ina zaune a gida, kuma duk wanda ya taɓa dawowa daga waje ya zauna ba aiki ya san irin kallon da ake yi masa a majalisa. Kwana uku na yi ina shiri. Na karanta yadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya take tantance takardun waje kafin a bar mutum ya tafi NYSC. Na karanta sharuɗɗan MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi, da jarrabawar da take yi wa waɗanda suka yi likitanci a waje. Na duba yadda wanda ya karanta shari'a a waje sai ya yi zangon share fage a Makarantar Lauyoyi kafin ya haɗu da sauran. Na goge kaftanina, na hau Keke Napep, na je.

Mu wajen goma sha biyu ne a kan benci, kusan rabinmu masu digiri. Da aka kira ni, na tarar da mutum biyu, maigidan wurin da wata mata mai riƙe da takardu. Bayan gaisuwa ya duba takardata ya ce, "Malam, ka ce Sudan ka yi?"

Na ce, "E, Yallaɓai, shekara tara."

Ya ce, "Madalla, irinku muke nema. Lamba nawa ce a wayarka?"

Na ɗauka lambar wayata yake tambaya, na fara karanto masa. Ya ce a'a, mutum nawa ne a cikin wayar. Daga nan ya tambayi guruf nawa nake ciki a WhatsApp, da sana'ar mahaifina. Da na ce yadi yake sayarwa a Monday Market, sai na ga ya gyara zama. Ya ce, "Ashe kana da mutane."

Sannan ya ce mu yi gwaji. "Ka ɗauka ni ne Alhaji. 'Yata ta ci 170 a JAMB, likita take so ta zama, ina da fili a Bulumkutu da zan iya sayarwa. Sayar mini."

Na ce, "Alhaji, da farko mu ga sakamakonta na WAEC, musamman darussan kimiyya. Sannan duk makarantar da za mu zaɓa sai mun tabbatar MDCN ta san da ita. Sannan mu lissafa kuɗin shekara shida gaba ɗaya da dala, har da abinci da ɗaki da jirgi, ba na shekarar farko kawai ba. Kuma ka sani in ta dawo akwai jarrabawa kafin ta taɓa majinyaci, ana kuma faɗuwa sosai."

Ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Ka kashe cinikin. Ka ba shi dalili huɗu na ya tashi ya tafi." Ya koya mini amsar da yake so: in ce wa Alhaji gurbi biyu ya rage, ranar Juma'a za a rufe, ya ajiye kuɗin fom yau. In ce masa ni ma a waje na yi karatu, ga ni lafiya lau. Sauran bayani, in ji shi, in ya biya sai a yi masa.

Batun albashi kuwa, naira dubu talatin ce a wata, ita ma kuɗin mota suke kiranta. Sauran kamasho ne, kuma ana so ka kawo ɗalibi uku kowane wata. Mai karatu ya tuna mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, sai dai doka ba za ta kama su ba, don ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ta kuma ware masu aiki a kan kamasho. Da aka ce ko ina da tambaya, na ce nawa makaranta take biyan ofis a kan kowane ɗalibi, kuma ana gaya wa iyaye? Matar ta yi dariya ta ce, "Ɗan'uwa, wannan sirrin kamfani ne." Zagaye na biyu na intabiyun shi ne in dawo da lambobin iyaye hamsin masu 'ya'ya a ajin ƙarshe na sakandare. Ban koma ba.

Na san wani zai ce haushin rashin aiki ne yake cin Malam. To a ɗauka haka ne. Amma a duba tambayoyin da aka yi mini. A cikin kusan rabin awa babu wanda ya tambaye ni wace hukuma ce take tantance digirin waje, ko nawa ɗalibi yake kashewa a wata a Alƙahira, ko me yaro zai yi in fasfonsa ya ɓace. Intabiyu madubin wurin aiki ne. Abin da aka gwada ka a kai, shi ake so ka riƙa yi kullum. Su abin da suka gwada shi ne yawan mutanen da suka yarda da ni, da kuma ko zan iya tsorata uba ya biya kafin ya yi tunani.

Wani kuma zai ce ai dillanci halal ne, kowane dillali da la'adarsa. Gaskiya ne, kuma a garin nan ba a koya mana dillanci. Je ka Kasuwar Shanu, je ka kasuwar kifi ta hanyar Baga. Amma la'adar dillalin shanu mai saye ya san da ita, mai sayarwa ya san da ita. Saniyar tana tsaye a gabanka, ka duba haƙoranta, ka taɓa tozonta. In kuma ta fito ta sata ce, dillali ake nema, shi da fatoman da ya sauki baƙon, kuma gobe suna nan a inda ka bar su. Wato la'adar tana tafe da lamuni. Shi kuwa wannan sabon dillali, la'adarsa a ɓoye, kayansa cinikin biri a sama, ranar da abu ya lalace kuma sai ya ce shi adimishan kawai ya nemo. Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma ban da ejan ɗin karatu. Shi ya ci ladan, askin kuwa sai dai uwa da uba.

A harkar nan a duniya, abin da aka saba shi ne jami'a ta ba ejan wani kaso na kuɗin makarantar shekarar farko, galibi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, wasu har fiye. Kuma a lura, makarantar da ta fi ƙarancin masu nema ita ta fi buƙatar ejan, ita ta fi biya. Jami'ar da ake rububinta ba ta buƙatar wani ya bi Alhaji har rumfarsa. Saboda haka in yaro ya shiga ofis, hannun ejan ba inda ya fi dacewa da yaron zai nuna ba, inda kamasho ya fi tsoka zai nuna. Ba sai ejan ya zama mugu ba kafin haka ta faru, ya isa kawai a ce yana da iyali da kuɗin haya. Amurka ta gane wannan tuntuni. Tun 1992 dokarta ta hana makarantun da ke cin gajiyar tallafin karatu na gwamnatin tarayya su biya kowa lada a kan yawan ɗaliban da ya kawo. Amma hanin bai shafi ɗaukar ɗaliban ƙasashen waje ba. Wato abin da suka ga bai kamaci 'ya'yansu ba, sun bar shi a kan namu. Su ba laifinsu nake gani ba, kowa nasa yake karewa. Mu wa ke kare namu?

Dubi batun sikolashif ɗin nan na rabin kuɗi da ake cika mana ido da shi. A jami'o'i da yawa na Arewacin Saifurus kusan duk baƙon ɗalibi ana ba shi wannan rangwame. Abin da kowa ke samu kuwa ba kyauta ba ce, farashi ne. Mahaifina ma in zai sayar da shadda yakan fara da kuɗi sama don a taya, amma bai taɓa cewa ya ba mai saye sikolashif ba. Kuma ejan nawa ne yake gaya wa uba cewa Arewacin Saifurus ɗin nan Turkiyya ce kaɗai a duniya ta amince da ita a matsayin ƙasa, jirgi ma sai ta Turkiyya yake bi? A 2020 shugabar hukumar 'yan Nijeriya mazauna waje, Abike Dabiri-Erewa, ta fito fili ta gargaɗi iyaye kan tura 'ya'yansu can, saboda mace-macen ɗalibanmu da ba a warware ba. A 2024 kuma badaƙalar digirin bogi ta fashe a can ɗin, har aka kama shugaban hukumar da ke sa ido kan jami'o'insu. Akwai waɗanda suka yi karatu mai kyau a can suka dawo, ban musa ba. Magana ita ce uba yana da haƙƙin ya ji wannan kafin ya sayar da filinsa, ba bayan ya sayar ba.

Na Kwatano kuwa kowa ya ji. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, har ya yi rajistar bautar ƙasa da shi. A farkon Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Jamhuriyar Benin da Togo. A Agustan wannan shekarar Ministan Ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce sama da mutum 22,000 ne ke yawo da takardun bogi daga ƙasashen biyu, kuma jami'o'i takwas kacal aka amince da su, biyar a Benin, uku a Togo. Wasu sun san abin da suka saya. Amma akwai yara da suka je da gaske, suka zauna shekara uku, suka yi jarrabawa, suka wayi gari takardarsu ba ta da amfani. Wa ya nuna musu hanya? Wani ne a wani ofis, mai yiwuwa saurayi ne kamar waɗanda muka zauna a benci tare, wanda aka ce masa ya kawo uku a wata.

Sai batun dala, wanda shi ne maigidan ofishin ya fi ƙin in ambata. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 take. A 2024 ta haye 1,500. Uban da ya yi lissafin shekara huɗu da tsohon farashi, a shekara ta biyu ya ga bango. A Mayun 2024 an ji yadda aka umurci wasu ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila su bar ƙasar saboda sun kasa cika kuɗin makaranta bayan faɗuwar naira. Shi ejan a shekarar farko yake karɓar nasa. Ko yaro ya gama ko ya maƙale a aji biyu, ba abin da zai ragu a aljihunsa.

Abin da ya fi ci mini rai, a matsayina na wanda ya dawo, shi ne amfanin da ake so a yi da mu. Da muka taru a Khartum a ƙarshen Afrilun 2023 muna jiran motoci, ana jin ƙarar bindiga, da kwanakin da muka yi a bakin iyakar Masar muna kwana a ƙasa kafin jirage su fara sauke mutane a Abuja a farkon Mayu, da yawa daga cikin yaran da muke tare da su ta hannun ejan suka zo. Na ga suna kiran iyayensu, na ga suna kiran shugabannin ƙungiyar ɗalibai. Waɗanda suka gwada kiran ejan ɗinsu a gabana, ko dai waya a kashe, ko a ce musu a yi ta addu'a. Shekara guda kafin nan ɗalibanmu na Yukren sun ga irin wannan rana. Ba ejan ya kawo yaƙi ba, kuma ba wanda ya ce ya aiko da jirgi. Amma bayan an dawo, yara suna neman takardun sakamakonsu don su ci gaba a wani wuri, a nan ne ya kamata a ga wanda ya ci la'ada. Abin da na gani shi ne an dawo musu da sabuwar talla: a zo a koma Masar, a sake biyan kuɗin fom. To yanzu ni da na ga wannan da idona, ni ake so in zauna a gaban abokin mahaifina in ce masa ni ma a waje na yi, ga ni lafiya lau. Ba Larabcina suke so ba, fuskata suke so, da sunan gidanmu. In abu ya ɓaci kuma, ba ofis za a je ba, rumfar mahaifina za a zo. Lambobi hamsin ɗin nan da aka ce in kawo, mutane ne da suka ba ni don zumunci. Tun 2023 ma akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan, amma ko babu doka, da wane ido zan kalle su?

Iyaye ma ba zan ƙyale su ba. Na san abin da ke tura su. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Yara kusan miliyan biyu suke zana JAMB a shekara, gurbin likitanci kuwa bai taka kara ya karya ba. Garin nan ya sha rikici shekara da shekaru, ga gobarar Monday Market a Fabrairun 2023, ga ambaliyar Alau a Satumbar 2024, duk wanda ke da hali yana so ya fitar da ɗansa ya huta. Duk na yarda. Amma akwai kuma son a ce ɗan wane yana waje. Alhajin da ba zai sayi buhun wake ba sai ya soka masa tsinke ya gani, shi ne zai miƙa miliyoyi saboda hoton gini a waya. Yarinyar da ta ci 170, wataƙila abin da ya fi mata shi ne ta sake zama ta rubuta, ko ta karanci aikin jinya ko kimiyyar gwaje-gwaje a nan gida, a jami'ar da muke da ita tun 1975 da asibitin koyarwarta a gefe. Babu ejan da zai faɗa wa Alhaji haka, don babu kamasho a ciki.

Akwai ofisoshi na kirki, na ji labarinsu, masu karɓar kuɗin aikinsu a fili su cika maka fom su raka ka har biza. Irin waɗannan ba abin da za su rasa in aka yi tsari. Kuma ba wani sabon abu nake nema ba. Kamfanin da ke son kai mutane Hajji da Umra sai ya samu lasisin NAHCON, sai ya ajiye kuɗin lamuni, in ya yasar da alhazai a Makka akwai inda za a kai ƙara, akwai abin da za a ƙwace. Wannan tafiyar mako biyar ce ko shida. Shi kuwa mai kai yarinya 'yar shekara 17 wata ƙasa ta yi shekara shida, takardar da na gani a bangon ofishinsa ta rajistar kamfani ce kawai, irin wadda mai sayar da siminti ma yake da ita. Me zai hana Majalisar Dokokin Jihar Borno ta ce duk mai wannan sana'a a jihar sai ya yi rajista, ya ajiye lamuni, ya kuma rubuta wa uba a takarda nawa makaranta za ta biya shi, jimillar kuɗin karatu har ƙarshe da dala, da matsayin makarantar a wurin hukumar da za ta ba yaron lasisi in ya dawo? A kuma ce ma'aikacin da ke ba iyaye shawara albashi za a biya shi, ba kan ɗalibi ba.

Kafin a kai ga haka, duk uban da ya shiga irin wannan ofis ya tambayi saurayin da ke gabansa albashi yake ci ko kamasho, ya kuma nemi lambar ɗalibi biyu da suka gama a makarantar suka dawo suka yi bautar ƙasa, ba waɗanda suke aji ɗaya ba. In an ce masa gurbi biyu ya rage Juma'a za a rufe, ya koma gida ya dawo Litinin ya tambaya.